Wa ya koya wa Beatrix Potter fentin ruwa? Malami da almajiri a zanen littattafan yara

1. Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe tarihin littattafan yara masu hotuna a Turai, da wuya ya wuce shafi kaɗan bai ci karo da sunan Beatrix Potter (1866-1943) ba, ƴar Ingila wadda ta rubuta kuma ta zana The Tale of Peter Rabbit, labarin zomon nan da masu karanta faransanci suka sani da sunan Pierre Lapin. Maganar da aka fi yi a kan gwanintarta iri biyu ce. Wasu na cewa baiwa ce kurum, ita ta koya wa kanta, tunda ba ta shiga lakwal ba, a gida aka yi mata karatu. Wasu kuma suna jingina abin ga John Everett Millais, babban mai zane na zamanin, wanda yake abokin mahaifinta ne. A ganinmu duka maganganun biyu an bar jaki ana dukan taiki. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa a cikin wannan maƙala shi ne, hannunta ya gyaru a gaban mutum biyu waɗanda zane ba sana'arsu ba ce: wani tsohon mai raba wasiƙu a ƙauyen Sikotland, da wani ma'aikacin kamfanin buga littattafai a Landan.

Tambayar ta wuce tarihin mace guda. A duk inda ake shirya horon masu zanen littattafan yara, abin da aka saba shi ne a nemo gwanin zane a danƙa masa ɗalibai, a ɗauka cewa abin da suka rasa yana cikin yatsu. Idan karatunmu na aikin Potter ya yi daidai, to akwai wani malami da ake mantawa da shi, kuma shi ne ya fi tasiri.

2. Abin da fentin ruwa yake nema ga mai shi

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu tsaya kaɗan a kan kayan aikin. Fentin ruwa (aquarelle) garin launi ne da aka haɗa da ƙaro, ana jiƙa shi da ruwa a shafa bisa takarda. Ƙaron nan kuwa ba baƙonmu ba ne: na dakwara ne, wanda ake tsinta a ƙasashen Sahel tun daga Sudan da Cadi har zuwa nan, irin wanda malamai ke sa wa tawada domin ta kama allo. Abin da ya raba wannan fenti da sauran shi ne ba ya rufe takarda. Haske yana ratsa launin, ya daki farin takardar, ya komo ga ido. Ke nan fari a cikin hoton ba fenti ba ne, takarda ce da aka ƙyale ba a taɓa ba. Saboda haka mai zane yana farawa daga launi mai haske ya gangaro zuwa mai duhu, kuma ba ya iya komawa baya sai kaɗan. Mai fentin mai in ya yi kure sai ya kankare ko ya rufe da wani. Mai fentin ruwa in ya yi ta maimaita shafa a wuri guda, launin ya dagule ya koma kamar ruwan kududdufi.

Akwai ɓangaren wannan aiki da ake iya koyarwa cikin ƴan makonni: yawan ruwan da buroshi (pinceau) zai ɗauka, yadda ake shimfiɗa launi bai ɗaya ba tare da tabo ba (lavis), lokacin da takarda ta sha iska har za a iya ɗora wani launi bisa na fari. Sauran ɓangaren, wanda ya fi wuya, hukunci ne da ake yankewa tun buroshi bai taɓa takarda ba: ina za a bari fari, ina za a tsananta, me za a zubar. Wannan hukunci ba ya yiwuwa sai mai zane ya san abin da ya fi muhimmanci a jikin abin da yake zanawa, ya kuma san wanda zai dubi hoton da abin da zai yi da shi. Daga nan ne muke cewa malamin da ya san abin da ake zanawa yana iya gyara hannun mai fentin ruwa fiye da malamin da ya san fenti kaɗai.

3. Malaman zane

Maganar cewa ba a koya mata ba, ba ta da tushe. Daga 1878 zuwa 1883 wata malama, Miss Cameron, tana zuwa gida tana koya mata zane, kuma a 1881 ta samu takardar shaidar ɗaliban zane ta hukumar South Kensington. A cikin littafin sirrinta, wanda ta rubuta da wasu haruffa na ƙirƙirarta, Leslie Linder ya warware su a 1958 aka buga a 1966, ta lissafa abin da ta samu wajen malamar: zanen hannu, awon siffofi, dokokin nisa da kusa (perspective), da ɗan fentin furanni. Ta gode mata, amma ta nuna cewa idonsu bai zo ɗaya ba. A ƙarshen 1883 aka biya mata darasi 12 na fentin mai wajen wata mai zane da ta kira Mrs A. kawai, ta yi su tana ƙunƙuni, tana tsoron kada a ɓata mata ido.

Millais fa? Mahaifinta, Rupert Potter, mai sha'awar ɗaukar hoto ne, yana ɗaukar wa Millais hotunan da yake aiki da su, saboda haka yarinyar ta sha shiga ɗakin aikinsa. Da ya rasu a 1896 ta tuna cewa ya taɓa gaya mata masu iya zane suna da yawa, abin da take da shi na daban shi ne lura. Yabo ne mai daɗi, masu tarihi kuma sun yi ta maimaita shi. Amma yabo bai gyara ko hoto guda ba. In ana neman mai zanen da ya bar alama a aikinta, sai a dubi Randolph Caldecott, wanda mahaifinta ya sayi wasu zane-zanensa na asali, ita kuma ta yi ta kwaikwayon su. Wannan koyo ne daga takarda, ba zama gaban malami ba.

Ana iya ganin iyakar abin da wannan horo ya ba ta a katunan gaisuwa da kamfanin Hildesheimer & Faulkner ya saya daga gare ta a 1890. Zomaye ne sanye da tufafi, gashinsu an bi shi ɗaya ɗaya da bakin buroshi. Aikin yana da tsabta, amma ko'ina a cikin hoton nauyinsa ɗaya ne, ido bai san inda zai sauka ba.

4. Mai raba wasiƙu na Inver

Iyalin Potter sun saba yin hutun bazara a yankin Perthshire na Sikotland, a gidan Dalguise, daga 1871 zuwa 1881. Mai kawo musu wasiƙu shi ne Charles McIntosh (1839-1922), mutumin ƙauyen Inver kusa da Dunkeld. Tun yana saurayi injin yankan katako ya cinye masa yatsun hannun hagu, ya koma aikin gidan waya, yana taka kilomita fiye da 20 kowace rana. A cikin wannan tafiya ce ya san tsirran yankin, musamman gansakuka da naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi (champignons), har masana suka san da zamansa. A watan Oktoba na 1892, bayan ya bar aiki, Potter, tana da shekara 26, ta samu aka haɗa su ta nuna masa zanenta na naman kaza. Su biyun masu kunya ne ƙwarai. Abin da ta rubuta bayan ganawar shi ne ya fi jan hankalinmu: hukuncin da ya yi a kan daidaiton ƙananan siffofin tsiron ya fi faranta mata rai bisa na masu sukar zane da suka fi shi baki amma ba su kai shi sani ba.

Daga nan suka ƙulla wata yarjejeniya. Shi yana tsinto naman kaza ya aiko mata Landan ta gidan waya, da sunayensu na latin. Ita kuma tana zanawa da gaggawa kafin su ruɓe, ta aika masa kwafi. Wasu daga cikin waɗannan kwafi suna gidan tarihi na Perth. Masaniyar naman kaza Mary Noble ce ta bi diddigin wasiƙunsu, aka kuma yi bayanin su a littafin A Victorian Naturalist na 1992.

A wata wasiƙa ta farkon 1894 McIntosh ya ba ta shawarar da muke ɗauka ita ce darasin fentin ruwa mafi girma da ta taɓa samu, ko da yake babu maganar fenti a ciki. Ya ce ta riƙa tsaga naman kazan biyu tana zana cikinsa, domin a ga yadda siraran ganyayyakin ƙarƙashin hular (lamelles) suke haɗuwa da kara: ko sun manne da shi, ko sun gangaro bisa shi, ko ba su taɓa shi ba. Dalili shi ne da wannan ake rarrabe iri da iri. Hoton da bai nuna shi ba, komai kyansa, ba ya amfanar mai neman suna.

Mu dubi abin da wannan shawara take tilasta wa hannu. Na farko, ganyayyakin nan galibi farare ne ko masu haske, a jere kamar haƙoran mashaci. A fentin ruwa ba a zana fari, inuwar da ke tsakaninsu ake zanawa a bar takarda ta yi sauran. Wanda ya yi wannan sau ɗari ya koyi barin takarda, ko yana so ko ba ya so. Na biyu, hular naman kaza wata tana da santsi da danshi, wata bushe take da ɓawo-ɓawo, wata kamar karan-miski. Tunda McIntosh zai duba ya ce wannan iri kaza ne ko ba shi ba ne, dole santsi ya fito da launi jiƙe bisa takarda jiƙe, ɓawo kuma da buroshi mai ƙarancin ruwa. Dabarun da Miss Cameron ta koyar a matsayin darasi sun zama amsar tambaya. Na uku, launi. Mai zanen furanni na ado yana iya ƙara wa ja armashi don ya burge. Nan kuwa ƙarin gishiri a launi ƙarya ce da za a kama, domin ruwan ƙasa mai ja da ruwan ƙasa mai toka suna iya zama iri biyu dabam. Ga kuma lokaci: abin da zai yanƙwane gobe ba ya jiran a yi ta shafa, sai a yanke hukunci a wuce.

Ta zana naman kaza kimanin 350 a cikin waɗannan shekaru. Daga baya ta shiga aiki da madubin ƙara girma, tana tsirar da ƙwayoyin irinsu (spores), har ta rubuta takarda da aka gabatar a ƙungiyar Linnean Society ranar 1 ga Afrilu 1897. George Massee na lambun Kew ne ya miƙa ta, domin a lokacin mace ba ta halartar zaman. Takardar ba a buga ta ba, kuma an yi rubutu mai yawa a kan wannan, ba shi ne gabanmu ba. Abin da ya shafe mu shi ne ingancin hotunan: a 1967 W. P. K. Findlay ya sa 59 daga cikinsu a littafinsa na gane naman kaza, Wayside and Woodland Fungi, shekara 70 bayan an zana su. Mafi yawansu suna ɗakin karatu na Armitt a Ambleside, inda ta bar su wasiyya.

Akwai wata daidaituwar ranaku da ba za mu ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta ba, amma ta cancanci ambato. Ranar 3 ga Satumba 1893, a gidan Eastwood na Dunkeld, ta zana wani naman kaza da ba a cika samu ba, Strobilomyces, mai hula kamar an yayyafa mata gawayi. Kashegari, 4 ga wata, ta rubuta wa Noel Moore, ɗan tsohuwar malamarta mai shekara 5 da ke kwance ba lafiya, wasiƙa mai zane a kan wani zomo mai suna Peter. Tebur ɗaya ne, mako ɗaya, hannu ɗaya.

5. Abin da ya biyo ta cikin littafin zomo

Masu nazari da yawa suna raba rayuwarta biyu, wato masaniyar kimiyya da aka hana, sa'an nan mai littafin yara da ta haƙura. Hotunan ba su goyi bayan wannan rabo ba. Tambayar McIntosh, wato da me za a gane wannan abu, ita ce ke aiki a kowane shafi na Peter Rabbit.

A ɗauki jikin zomon. Ita da ƙanenta Bertram tun suna yara suna kiwon dabbobi a ɗakinsu, in ɗaya ta mutu su dafa ta su fidda ƙashi su auna. Peter kansa zomonta ne na gida, Peter Piper. To amma sanin ƙashi bai isa ba, sai an san wanne za a nuna. A hotunan farko Peter yana tsaye da ƙafa biyu cikin riga shuɗiya, amma cinyar baya da yadda kunnuwa ke juyawa na zomo ne sak. Bayan ya zubar da takalma, rigar kuma ta maƙale a ragar lambu ya fita ya bar ta, sai ya koma bisa ƙafa huɗu, dabba tsantsa. Sa'an nan a hoton da ya fi kowanne taɓa zuciya, gaban ƙofar da ke kulle, ya sake miƙewa tsirara, ya ɗora ƙafa bisa ƙafa, hannu a jikin ƙofa, hawaye na zuba, ga ɓera a ƙasa da ƙwayar wake a baki. Tsayuwar ta yaro ce, jikin na zomo, kuma ba a ƙara ko layi guda a fuska don a nuna baƙin ciki ba. Wannan shi ne tsaga abu biyu a nuna wurin da ake gane shi.

A dubi kuma yadda take barin takarda. Hotunan ba su da iyaka mai kusurwa huɗu, gefensu yana narkewa cikin farin shafi (vignette). A hoton butar ban ruwa (arrosoir) da Peter ya faɗa ciki, kunnuwa biyu ne kawai suka leƙo, abin da ke kewaye kuwa an taɓa shi sama-sama. Yaron da bai iya karatu ba yana gano zomon kafin mai lambu ya gano shi. In aka gwama wannan da katunan 1890, inda kowane gashi ya samu kulawa ɗaya, za a ga tazarar. Ƙwarewar yatsu ba ta ƙaru sosai ba tsakanin lokutan biyu. Abin da ya ƙaru shi ne sanin abin da za a zubar.

6. Norman Warne da injin bugu

Malami na biyu ya zo ta wata hanya. Bayan kamfanoni da dama sun ƙi littafin, Potter ta buga shi da kuɗinta a watan Disamba 1901, kwafi 250, hotunan baƙi da fari in ban da na farkon shafi. Kamfanin Frederick Warne, bayan sun nemi ra'ayin mai zanensu L. Leslie Brooke ya yaba, suka karɓa bisa sharaɗin a mai da hotunan duka masu launi. Da farko ba ta so ba. Hujjarta ita ce tsada, da kuma cewa launin zomo da na ganye, ruwan ƙasa da kore, ba su da wani armashi. Ta kuma nace a kan littafin ya zama ƙarami, daidai hannun yaro, mai araha. Aka buga a watan Oktoba 1902, kwafi 8,000, a kan sule guda; kafin ƙarshen shekara an kai 28,000. Wanda aka ɗora wa bin aikin shi ne ƙaramin ƴan'uwan masu kamfanin, Norman Warne.

A nan dole mu yi bayanin injin, domin shi ne rabin darasin. An buga littafin da sabuwar dabarar launi uku (trichromie): ana ɗaukar hoton zanen sau uku ta cikin matatan haske, a fidda faranti uku, na rawaya, na ja, na shuɗi, kowanne a rarrabe cikin ƙananan ɗigo, sa'an nan a buga su ɗaya bisa ɗaya. Duk launin da ke shafin daga haɗuwar waɗannan uku yake fitowa. Dabarar ta dace da fentin ruwa fiye da sassaƙen katako na zamanin Caldecott, tunda tana ɗauko shimfiɗar launi yadda take. Amma tana da halinta. Launi mai rauni ƙwarai yana iya ɓacewa, launin da aka dagula da shafa da yawa yana fitowa da datti, kuma in faranti guda ya ɗan fi ƙarfi sai kore ya rinjayi shafin duka ko fuska ta yi ja. Wasiƙun Potter da Warne cike suke da irin wannan magana a kan gwajin bugu.

Me wannan ya koya mata? Launi kaɗan, mai tsabta, a shimfiɗa shi sau ɗaya ko biyu a bari. Siririn layin alƙalami mai ruwan ƙasa ya riƙe siffa, domin ko launi ya ɗan goce a inji hoton ba zai rushe ba. Sa'an nan matsalar da ta hango, ta ruwan ƙasa da kore, ta zama abin aiki: a cikin lambun da komai nasa kore ne da ƙasa-ƙasa, shuɗin rigar Peter shi kaɗai ne irinsa, ido yana bin sa daga shafi zuwa shafi, har ya same shi rataye a jikin mutum-mutumin korar tsuntsaye, babu zomo a ciki. McIntosh ya sa ta tambayi abin da take zanawa. Warne ya sa ta tambayi abin da zai rage bayan hoton ya ratsa inji ya isa hannun yaro.

Norman Warne bai tsaya ga gwajin bugu ba. Lokacin The Tale of Two Bad Mice na 1904, gidan ƴar tsana da ke cikin labarin shi ya ƙera shi da hannunsa don ɗiyar ɗan'uwansa. Da mahaifiyar Potter ta hana ta zuwa ta zana shi a inda yake, sai ya aiko mata hotunansa, ya kuma sayo ƙananan kwanonin abinci na wasa ya aika. Wato ya yi abin da McIntosh ya yi da naman kaza, ya sa abin gaske a gabanta. Haka ta yi da kanta a The Tailor of Gloucester na 1903, inda ta je gidan tarihi na South Kensington aka fiddo mata tufafin ƙarni na 18 ta zana surfaninsu, har ana iya gane rigunan a cikin ajiyar gidan.

Wata fa'ida ga mai nazari: bugun da ke hannu yana iya yaudara. Farantan farko sun gaji da shekaru, shi ya sa a 1987 kamfanin ya sake ɗaukar hotunan daga zanen asali. Wanda ya yi hukunci a kan launin Potter daga bugun da ya gabaci wannan shekara, wani lokaci gajiyar ƙarfe yake yi wa hukunci.

7. Inda koyon bai kai ba

Za a iya ce mana mun cika yabon waɗannan mutum biyu. Amsarmu tana cikin wurin da aikin Potter ya yi rauni, kuma raunin sananne ne, ita ma ta san shi: ba ta iya zanen mutum ba. A Peter Rabbit an sa ta sake hoton matar mai lambu tana kawo abinci, saboda fuskar ba ta gamsar ba, daga baya ma aka cire shi tare da wasu uku a 1903 don a samu wurin adon bango. Sai a bugun cika shekara 100, a 2002, aka mai da su. Mai lambun kansa ya fi kyau in an hango shi daga nesa ko ta baya, kamar a hoton da Peter ya hau baro yana leƙen ƙofa.

Abin ya fi fitowa a The Tale of Mrs. Tiggy-Winkle na 1905, inda yarinya, Lucie, take tsaye kusa da bushiya mai wanki. Bushiyar ta gidan Potter ce, ta zana ta daga rai, ta kuma yi ƴar tsanar auduga ta sa mata tufafi don ta ga yadda za su zauna. Ƙayoyinta suna huda hular kanta, ƴan idanunta na ƙyalli, hancin a jiƙe. Lucie kuwa fuskarta kamar ta ƴar tsanar kanti, ba nauyi a ƙafafunta, kuma daga shafi zuwa shafi ba ta cika kama da kanta ba. Warne ya lura, aka yi ta gyara, har mayafin yarinyar ya sauya launi fiye da sau ɗaya. Sauya launi bai warkar da ciwon ba, domin ba a launi yake ba. Warne yana iya cewa hoton bai yi ba, amma ba ya iya cewa ga inda wuya ke haɗuwa da kafaɗa, yadda McIntosh ya ce ga inda ganye ke haɗuwa da kara. A nan ne, kuma a nan kaɗai, muke ganin rashin makarantar zane ya cuce ta, domin zanen jikin mutum daga rai shi ne abin da irin waɗannan makarantu suka fi iya koyarwa, ita kuwa ba ta yi shi ba.

Norman Warne ya nemi aurenta a watan Yuli 1905, ta amsa duk da ƙin iyayenta, ya rasu ranar 25 ga Agusta kafin a ɗaura. Littafin kwaɗo, The Tale of Mr. Jeremy Fisher, wanda suka riga suka tattauna, ya fito a 1906. Asalinsa wata wasiƙa ce da ta rubuta wa Eric, ƙanen Noel Moore, a Dunkeld, kwana guda bayan ta Peter. Babu mutum ko ɗaya a cikinsa, sai kwaɗo, da kifi, da ƙwaron ruwa, da ganyen bado, da ruwan sama bisa tafki, wato abubuwan da ake iya sa wa ido a tambaye su sunansu. A cikin littattafanta ba mu ga inda fentin ruwa ya kai na wannan ba: ƙafafun kwaɗon, ko a cikin wando, na mai tsalle ne, ruwan tafkin kuma a wurare da yawa takarda ce da aka ɗan shafa wa shuɗi aka ƙyale.